Dokin Kara na Manya: Kariya ga Aikin da Ba Ya Kawo Ko Sisi

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ya san layin nan da ke can ƙasan takardar mai neman aiki, inda ake so mutum ya faɗi abin da yake yi don jin daɗin kansa idan ya tashi daga ofis. Kusan kullum amsar ɗaya ce: karatu, tafiye-tafiye da hulɗa da jama'a. Mai rubutawa ya san cike gurbi yake yi, mai karantawa ma ya sani, shi ya sa ba a tambayarsa wane littafi ya gama a watan jiya. Na daɗe ina ganin wannan layi ya fi sauran takardar faɗin gaskiya game da mu ma'aikata 'yan boko. Mun iya aiki, mun iya neman na kanmu, ba a barinmu a baya wajen zumunci da biki da ta'aziyya. Abin da yawancinmu muka rasa shi ne wani aiki guda da muke yi da hannunmu a kai a kai, shekara da shekaru, wanda ba wanda ya sa mu kuma ba wanda zai biya mu.

Turanci yana da kalma guda ga irin wannan aiki, wato “hobby”, kuma asalinta abin murmushi ne. An gutsuro ta ne daga sunan dokin wasan yara, sandar nan mai kan doki da yaro ke sakawa tsakanin ƙafafunsa yana sukuwa a tsakar gida. Mu dokin kara muke ce masa. Ke nan Baturen da ya ce yana da irin wannan abu, cewa yake yi yana da dokin karansa, yana hawa, kuma ya san ba zai kai shi ko'ina ba. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta faɗa daidai a wannan gurbi, don haka zan riƙa cewa aikin sha'awa.

Ra'ayina shi ne babban mutum mai iyali da muƙami yana bukatar dokin kara, kuma al'ummar da manyanta suka yar da nasu tana yin asara iri biyu: natsuwar mutanenta tana raguwa, tarihin zamanta na yau da kullum kuma yana zubewa ba mai tarawa. Zan kafa hujja da ayyuka uku da miliyoyin mutane ke yi a duniya ba don kuɗi ba: ƙera ƙaramin layin dogo, ɗaukar hoto, da rubutun kullum.

Jirgin ƙasa a kan tebur

Da gangan na fara da wannan, domin shi ya fi kama da shiririta a idon wanda bai san shi ba. Dattijo mai furfura ya keɓe ɗaki a gidansa, ya kafa tebur, ya shimfiɗa 'yan ƙananan dogo, ya gina tasha da gada da tsauni da kwali da filasta, sannan ya zauna yana kallon taragun da ba su fi tafin hannu ba suna zagaye. Abin ya samo asali ne daga kayan wasan yara. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya baje kolin jirgin wasa a birnin Leipzig, mai dogo gunduwa-gunduwa da ake harhaɗawa bisa faɗi ƙayyadadde. A 1920 Frank Hornby na Liverpool ya fito da nasa a Ingila. Kafin a jima iyaye maza suka karɓe wasan daga hannun 'ya'yansu.

Abin da ya fitar da shi daga sahun wasan yara shi ne ma'auni. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira HO, ana rage komai sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.74 sai ya koma santimita 2. Dogon gaske mai faɗin milimita 1,435 sai ya koma milimita 16.5. Da zarar mutum ya ɗaura wa kansa wannan ƙa'ida, ba shi da sauran damar yin aikin ido-rufe. Idan zai gina ɗakin mai sigina, dole ya san jerin bulo nawa ne daga ƙasa zuwa taga, ta wane gefe tsatsa ke cin rufin kwano, me ya sa aka sa mararrabar dogo a nan ba a can ba. Mutum yana iya wuce gini shekara ashirin bai taɓa ganinsa da gaske ba, sai ranar da ya tashi ƙera kwatankwacinsa.

Wani ɗan Ostireliya mai suna Roye England ya zo Ingila a 1925, ya ga ƙauyukan kwarin da ake kira Vale of White Horse da gidajensu masu rufin ciyawa, ya kuma ga yadda ake yaye ciyawar ana sa kwano da asbestos. Bai da ikon hana kowa gyaran gidansa. Sai ya shiga auna gidajen, yana ɗaukarsu hoto, yana rubuta launin kowane bango, yana ƙera su da kwali an rage su sau 76. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon a yankin Oxford. Ya rasu a 1995, 'yan sa-kai suka ci gaba da aikin. Mai son ganin yadda karkarar wannan yanki take a shekarun 1920 da 1930, da gonakinta da jiragenta, yau can yake zuwa. A Hamburg kuma wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, inda tsawon ƙananan dogon ya haura kilomita 16, kuma mutane fiye da miliyan ke biya su shiga kallo a shekara.

Labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na ƙungiyar ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka, wadda aka kafa a 1946 don wannan wasa. 'Yan ƙungiyar sun kasu biyu. Wasu suna saman tebur suna fenti da shuka itatuwan roba. Wasu suna kwance a ƙarƙashin tebur cikin wayoyi, suna amfani da kayan musayar tarho don jirage da yawa su yi tafiya a lokaci guda ba tare da karo ba. Da sababbin kwamfutoci suka iso jami'ar a ƙarshen shekarun 1950, 'yan ƙarƙashin teburin ne suka fara kwana a kansu. Kalmar nan ta “hacker”, a ma'anarta ta asali ta gwanin warware matsala da dabara, a bakinsu ta yi ƙarfi, kuma da hannun wasunsu aka haɗa Spacewar! a 1962, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko. Steven Levy ya buɗe littafinsa na 1984 a kan tarihin masu kwamfuta da labarin wannan ƙungiya.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wane ne a cikinmu bai ƙera motar kara ba, ko ta gwangwani mai tayoyin tsohon silifa, ko bai tsaya yana kallon wanda ya iya ba? Yaron da ya lanƙwasa waya ya fitar da sitiyari mai juya tayoyin gaba ya yi irin tunanin da ɗaliban MIT suka yi. Bambancin shi ne wata rana an ce masa ya girma, ya bar wasa, shi kuma ya ji magana. Ga kuma abin ƙerawa a gabanmu. Dogo ya iso Kano a 1911, mai faɗin milimita 1,067, wanda a ma'aunin HO zai koma kimanin milimita 12. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi, nasa 1,435 ne. Ɗan siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos an rufe shi tun 1957. Wanda zai zauna ya ƙera tashar Zariya ko ta Kafanchan yadda take a zamanin dalar gyaɗa, dole ya nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe ya tambaye su inda tankin ruwa yake da inda masu talla ke tsayawa. Mutanen da suka san amsar suna raguwa kowace shekara.

Hoton da ba na biki ba

Kafin 1888 ɗaukar hoto sana'ar ƙwararru ce, mai bukatar gilasai da sinadarai da ɗaki mai duhu. A shekarar ne George Eastman ya fito da kyamarar Kodak, ɗauke da fim na hoto 100. Idan mutum ya gama, sai ya aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa masana'anta a Rochester, a wanke masa hotunan, a dawo masa da ita da sabon fim. A 1900 kamfanin ya fito da Brownie a kan dala ɗaya. Daga nan talaka ya samu ikon da a da sai sarakuna da attajirai: ya bar wa jikokinsa kamannin fuskarsa da na ƙofar gidansa.

Vivian Maier 'yar raino ce. Ta shafe kimanin shekara arba'in tana kula da 'ya'yan mutane, galibi a Chicago, kuma duk inda za ta da kyamararta Rolleiflex rataye a wuya. Ta ɗauki leburori, da tsofaffin mata sanye da kwat, da yara a bakin titi, da inuwar kanta a gilashin shaguna. Ba ta nuna wa duniya ba, wasu fina-finan ma ba ta taɓa wankewa ba. A 2007 aka yi gwanjon kayanta da ke ajiye a sito saboda an gaza biyan kuɗin haya, masu saye suka tarar da hotuna sama da dubu ɗari. Ta rasu a 2009, ba ta ga sunan da ta yi ba. Yau ana lissafa ta cikin manyan masu hoton titi na ƙarni na ashirin.

A nahiyarmu ma ƙaramar Brownie ta yi aiki. Seydou Keïta na Bamako ɗan kafinta ne mai koyon sana'ar mahaifinsa lokacin da wani kawunsa ya ba shi ita a 1935. Ya buɗe shagon hoto a 1948, kuma hotunansa ne yau ke nuna wa duniya irin tufafi da adon mutanen Bamako na shekarun 1950. A Nijeriya J. D. 'Okhai Ojeikere ya sayi tasa a 1950. Daga 1968 ya ɗora wa kansa ɗaukar salon kitson mata, ya yi ta yi shekaru da dama har ya tara kusan hoto dubu. Kitso abu ne da ake tsefewa bayan mako biyu. Ba don shi ba, da yawancin waɗannan salo sun tafi ba shaida.

Mai karatu zai ce ai yanzu kowa mai hoto ne, tunda ba aljihun da ba waya. Gaskiya ne muna ɗauka fiye da kowane zamani. Amma a duba abin da ke cikin wayar: fuskokinmu a wurin ɗaurin aure, ango da abokansa, takardar da aka turo daga ofis. Ba kasafai ake samun hoton rumfar mai shayin unguwa ba, ko zauren da za a rushe a gina shaguna, ko hannun kaka tana kaɗi. Abin da muke gani kullum muna ɗauka zai dawwama, alhali shi ne ya fi saurin ɓacewa, domin ba wanda ya ga ya isa a adana. Ɗan abin da muka ɗauka ɗin ma ba suna ba kwanan wata, kuma ranar da aka sace wayar ko ta faɗa ruwa, shi ke nan. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara intanet, ya yi gargaɗi a 2015 cewa na'urori da manhajoji suna sauyawa da saurin da zai iya hana 'yan baya buɗe abin da muka adana, ya kuma ba da shawarar mutum ya buga hotunan da yake ji da su a takarda.

Shafi ɗaya a rana

Samuel Pepys ma'aikacin gwamnati ne a hukumar sojan ruwan Ingila. Daga 1 ga Janairu 1660 zuwa 31 ga Mayu 1669 ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi kowace rana, cikin gajeren rubutu irin na sakatarori, har ya tara kalmomi sama da miliyan. Ya daina ne don tsoron kada ya makance. A kundinsa akwai annobar da ta ci Landan a 1665 da gobarar da ta cinye ta a 1666. Daga gare shi muka san cewa da wutar ta matso, rami ya haƙa a lambu ya binne giyarsa da cukunsa. Takardun hukuma sun ƙidaya gidajen da suka ƙone, amma abin da mutum ke fara tunanin cetowa idan gari na ci da wuta, a irin wannan kundi kaɗai ake samunsa. Ba a buga shi ba sai a 1825.

Martha Ballard ungozoma ce a wani ƙaramin gari a Maine ta Amurka. Daga 1785 zuwa 1812 ta rubuta 'yan layuka kusan kowace rana: yanayin sama, gidan da aka kira ta, abin da aka biya ta, yadin da aka saƙa. Ta karɓi haihuwa 816. Masu tarihin da suka fara duba kundin sun ga kamar ba komai a ciki sai ƙananan hidimomin gida. Sai Laurel Thatcher Ulrich ta bi shi layi-layi, ta fito da tattalin arzikin mata na saƙa da magani da musaya wanda littattafan 'yan kasuwa maza ba su nuna ba. Littafin da ta rubuta a kai ya ci lambar Pulitzer a 1991.

Muna da namu misalin, kuma mai ɗaci ne. Hamman Yaji, hakimin Madagali a jihar Adamawa ta yau, ya sa magatakarda suna rubuta masa al'amuran kwanakinsa da Larabci daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. An buga fassarar Turanci a 1995. A ciki akwai ciniki da kyaututtuka da baƙi, akwai kuma hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu da adadin bayin da aka kamo, an jera su kamar lissafin awaki. Bai rubuta don ya tona wa kansa asiri ba, amma rubutun kullum ba ya ba mutum damar gyara labari bayan ya ga yadda ya ƙare. Nan ne ya bambanta da tarihin rayuwa da manya ke sa a rubuta musu bayan ritaya, inda kowane mataki ke fitowa kamar an hango shi tun farko.

Ga wanda ke cewa ba shi da lokaci, akwai Anthony Trollope. Ma'aikacin gidan waya ne na cikakken lokaci har 1867. Yakan zauna da ƙarfe biyar da rabi na asuba, agogo a gabansa, ya bukaci kansa da kalma 250 kowane minti goma sha biyar, sannan ya tafi aiki. Ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47. Ba wanda ke neman mu kai shi. Amma kalma 200 a rana, abin da bai cika shafi ɗaya ba, ya zama kalma 73,000 a shekara, kuma wannan littafi ne guda. Da yayyafi kogi kan cika. Akwai kuma amfanin da mai rubutun kansa ke samu tun kafin kowa ya karanta. A wani gwaji da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya wallafa a 1986, ɗaliban da suka yi rubutun minti goma sha biyar, kwana huɗu a jere, a kan abin da ke ci musu rai, sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna tasirin matsakaici ne, don haka kada a ɗauke shi maganin komai. Amma damuwar da aka zuba a takarda takan samu iyaka, ta cikin kai kuwa zagaye take yi.

Abin da ya haɗa su

Masanin zamantakewa Robert Stebbins na jami'ar Calgary ya raba hutu gida biyu a wata maƙala ta 1982. Akwai hutun da ba ya neman komai daga mutum, kamar kallo da hira da lilo da yatsa a kan waya. Akwai kuma hutun da ke da ilimi da matakai, wanda mai yinsa ke fara shi a matsayin ɗan koyo, ya sha wuya, ya ƙware sannu a hankali. Na farkon ba laifi ba ne, majalisar ƙofar gida ma tana da aikinta. Illar ita ce idan shi kaɗai mutum ke da shi, domin ba ya barin komai a hannu, kuma shekara goma a cikinsa daidai take da kwana ɗaya.

Ayyukan nan uku duk na kashi na biyu ne, kuma duk horon ido ne. Mai ƙera tasha yana ƙidaya bulo. Mai hoto yana koyon bambancin hasken hantsi da na la'asar, da yadda hazon hunturu ke cinye launi. Mai rubutun kullum, da yake ya san da dare zai rubuta wani abu, yakan wuni yana lura. Ga ma'aikaci kuma akwai wani abu da ya fi wannan. A ofis aikinka guntu ne na wani babban abu da ba ka ganin ƙarshensa, wani ne ke sa hannu, wani ne ke cewa ya yi ko bai yi ba. A kan teburinka na gida kai ne ka fara, kai ne za ka gama, kuma idan gadar ta karkace ba wanda za ka ɗora wa laifi.

Wannan yana da rana. Kowannenmu ya san wani babban ma'aikaci da ya ajiye aiki, direba ya tafi, waya ta daina ƙara, cikin shekara biyu ya tsufa tsufan shekara goma. Duk abin da ya sani game da kansa a kan kujerar yake, da aka karɓe kujerar sai ya rasa wanda zai zama. Winston Churchill ya faɗa irin wannan rami a 1915, lokacin da aka sauke shi daga shugabancin ma'aikatar sojan ruwa bayan abin da ya faru a Dardanelles. Yana da shekara arba'in ya ɗauki burushi ya fara zane, ya kuma riƙe shi har tsufa, ya bar zane sama da ɗari biyar. Ba a cika fara irin wannan abu ranar da aka yi ritaya ba, domin a lokacin haƙurin zama ɗan koyo ya yi ƙaranci. Tun ana cikin ganiyar aiki ake dasa shi.

Inda masu suka ke da gaskiya

Suka ta farko ita ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wanda ke tashi daga ofis ya wuce shago ko gona, maganar dokin kara za ta yi masa kama da izgili. Na yarda, kuma ba zan ce kowa na da sarari ba. Kayan ƙaramin layin dogo na kamfani suna da tsada, daga waje ake kawo su. Amma Roye England da kwali ya yi gidajensa, kyamara tana cikin wayar da muke riƙe da ita, littafin rubutu na 'yan makaranta kuma bai kai kuɗin katin waya na mako ba. Yawancin masu karanta wannan rubutu, idan suka duba inda wayarsu ke nuna awannin da suka yi a kanta jiya, za su ga inda lokacin ya tafi.

Ta biyu ta fi nauyi. Sararin da namiji ke samu bayan aiki sau da yawa mace ce ta biya shi. Ita ma ta taso daga ofis ko asibiti ko aji, ta ɗora tukunya, ta duba aikin gida na yara. Idan kiran da nake yi zai ƙare a maigida ya ƙara rufe ƙofa awa biyu, to na ƙara mata kaya. Ballard da Maier mata ne masu aikin wahala, sun saci lokacin ne a tsakanin hidimomi. Maigidan da ya ga darajar awa ɗaya tasa ta kansa, ya kamata ya ga darajar ta matarsa, ya kuma ɗauki abin da zai sa ta samu.

Ta uku a kaina take. Na kawo Pepys da Maier da ɗaliban MIT kamar kowane aikin sha'awa yana ƙarewa a gidan tarihi. Ba haka ba ne. Mafi yawan kundaye gara ce ke cinye su, mafi yawan teburan jirgi magada ne ke kwashewa su zubar. Waɗanda na ambata ma ba don wannan sakamako suka yi ba, kuma ina zaton da shi suka sa a gaba da ba su jure ba. Shi ya sa nake jin tsoron tambayar da muke yi wa duk wanda ya iya wani abu: me ya sa ba za ka mayar da shi sana'a ba? Wanda ya iya hoto mu ce ya fara ɗaukar biki, wadda ta iya rubutu mu ce ta nemi mabiya a Facebook. Da zarar mai biya ya shigo, ko masu danna alamar so, an samu sabon shugaba, mutum ya koma ofis ta ƙofar baya. Keïta ya mayar da nasa sana'a ya ci riba, kuma ba aibi ba ne. Amma ya halatta mutum ya riƙe abu ɗaya da ba na sayarwa ba, ya yi shi daidai gwargwado, ba tare da ya zama gwani ba.

Akwai kuma iyaka. Aikin sha'awa yana iya cinye kuɗin cefane da haƙƙin iyali. Kyamara tana iya shiga inda ba a gayyace ta ba, kuma a garuruwanmu neman izini kafin ɗaukar mutum, musamman mace, wajibi ne na ladabi. Kundin da aka rubuta sirrin wasu a ciki amana ce, sai an san inda za a ajiye shi.

Ga abin da nake ba da shawara. A sayi littafin rubutu mai arha, don kada kyansa ya sa a ji tsoron ɓata shi. Bayan isha'i a ba shi minti goma sha biyar: kwanan wata, kuɗin mudun shinkafa, ranar da ruwan farko ya sauka, abin da yaro ya faɗa, wanda ya rasu a unguwa. Wanda hoto ya fi ja, ya zaɓi titi ɗaya ya riƙa ɗaukarsa daga wuri ɗaya a farkon kowane wata, ƙarshen shekara ya buga guda ashirin, ya rubuta sunaye da wuri da kwanan wata a bayansu. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin ƙira, ya auna zauren gidan kakansa tun yana tsaye, ya nemi kwali da gam. Watanni uku na farko abin ba zai yi kyau ba, kuma wani zai leƙo ya tambaya nawa ake samu a ciki. A gaya masa gaskiya, ba a samun ko sisi, gobe kuma a sake zama.